Karkataccen Kiɗan Tanko Mai Ganga

Bilkisu, ke da ƙawayen nan naki ku gyara zama, tunda kun ce aikin auna zuciya ba wuya. Jiya ina jin ki kina gaya wa uwarki wai ba komai ba ne: a manna wa mutum wayoyi a ƙirji, a danna maɓalli, takarda ta fito da zane kamar sawun kaza, shi ke nan an tashi. To madalla, Allah ya ƙara sauƙi. Ni kakanki na yi wannan aikin lokacin da na'urarmu yatsu uku ce da agogon aljihu, agogon ma sai an girgiza shi da safe an ba shi haƙuri kafin ya yarda ya tashi.

A ɗakin shan magani na Rano na fara, tun Turawa suna nan, a hannun wani dattijo da ake kira Baba Ɗanjuma, wanda ya koyi ɗaurin miki a soja. Mutumin kirki ne, amma fa akwai faɗa, in ya daka maka tsawa sai almakashi ya kuɓuce daga hannunka. Kayan aikinmu ba su da yawa. Sirinji na gilashi da muke tafasawa a kan risho, allurai da muke wasawa a dutse in sun dakushe, auduga, bandeji, aidin, sai manyan kwalabe na ruwan magani: akwai ja, akwai fari, akwai wani baƙi mai ɗan karen ɗaci. Wannan baƙin shi mutanen Kibiya suka fi so. A wurinsu maganin da bai sa ka yamutsa fuska ba ruwa ne kawai aka rina. Mutanen Zinyau kuwa allura suke so, ko ƙaya ce ta soki mutum a ƙafa, in ba ka yi masa allura ba ya tafi yana cewa malamin asibiti ya raina shi.

Kafin Baba Ɗanjuma ya bar ni in taɓa sirinji, sai da ya sa na riƙe wuyan hannun duk wanda ya shigo ɗakin nan. Mai ciwon ido, mai gyambo, wanda ya rako mara lafiya, har ɗan doka da ya shigo neman ruwan sha. Yatsu uku a kan jijiya, ban da babban yatsa, don shi yana da nasa bugun, zai ruɗe ka. In na ce na ji, sai ya ce, "Me ka ji? Yatsunka ba su yi kunne ba tukuna. Sake riƙewa." Haka na yi ta riƙe hannuwan jama'a har yatsun suka soma rarrabe bugun mai zazzaɓi da na mai tsoro, da na tsohon da ya sha goro ya wuce misali. Ku kuna ganin zuciya a takarda. Mu da fata muke jin ta.

Ranar wata kasuwa aka kawo Tanko a kan jaki. Tanko makaɗin gangar noma ne, daga wata 'yar unguwa a bayan Madachi, sai ka haye rafi kafin ka isa. Duk yankin nan an san shi. In ana gayya, wato samarin gari sun taru su nome gonar mutum ɗaya, Tanko ya rataya gangarsa ya bi bayansu, ko ragon da ya fi kowa lalaci sai ka ga ƙura na tashi daga garmarsa. Ranar nan kuwa ƙafafunsa sun kumbura suntum, yana numfashi da kyar, amma bakin yana nan yadda aka san shi.

Na ce, "Sarkin Kiɗa, me ke tafe da kai?"

Ya ce, "Malam, ƙara na kawo. Wani sakaran makaɗi ne ya tare a ƙirjina. Bai san inda ake ɗaukar kiɗa ba, bai san inda ake ajiyewa ba. Da yarona ne, wallahi da tuni na ƙwace gular na kore shi."

Gula ita ce karkatacciyar sandar da ake dukan ganga da ita, in ba ku sani ba, 'yan zamani. Na kama hannunsa. Tabɗi! Ban taɓa jin irinsa ba. Bugu biyu a guje, sai shiru, sai wani mai ƙarfi, sai waɗansu ƙanana a jere kamar za su ɓace. Ka jira ya maimaita kansa ko sau ɗaya, ya ƙi. Na tambaye shi tun yaushe. Ya ce ya daɗe, ya ga damina fiye da ɗaya da shi. Da farko yakan zo ya tafi, in ya huta sai ya lafa. Daga baya ya zo ya shimfiɗa tabarma ya zauna.

Baba Ɗanjuma ya ɗauko abin sauraron ƙirji ya sa a kunne, ya ajiye agogo a tsakaninmu. Ya ce ni in ƙirga a hannu, shi ya ƙirga a ƙirji, mu fara tare mu tsaya tare. Da muka gama, nasa lissafin ya fi nawa nesa ba kusa ba. Na ɗauka zai yi mini faɗa. Sai ya ce, "Ba kuskure ka yi ba. Zuciyar ce take bugun banza, waɗansu ba su da ƙarfin da za su iso hannu. Wannan ya fi ƙarfinmu, sai likita ya zo."

Likitan da ke zuwa mana rangadi daga birni wani Bature ne dogo, mutane suna kiransa Mai Lofe, don lofen taba ba ya barin bakinsa ko da ba wuta a ciki. Hausarsa a karkace take, namiji ya zama mace, mace ta zama namiji, amma yana son koyarwa. Da ya gama duba Tanko sai ya fito da mu gindin bishiya, ya tsuguna, ya zana zuciya a ƙasa da tsinken ashana. Ɗaki huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. Ya ce a wani lungu na ɗakin sama akwai ɗan wuri da ke sakin tartsatsin lantarki, ƙanƙane ƙwarai. Ku tuna lokacin ba wutar lantarki a Rano, iyakar sanina da ita tocila. Na dubi ƙirjin Tanko na ce a raina, ashe da tocila muke yawo ba mu sani ba.

Mai Lofe ya ce a lafiyayyar zuciya tartsatsin nan yakan ratsa bangon ɗakunan sama sau ɗaya, su matsa, ya bi ta wata 'yar siririyar ƙofa ya sauka ɗakunan ƙasa, su ma su matsa su tura jini, sai ya mutu. Sannan wani sabo ya taso daga lungun nan. A zuciyar Tanko kuwa tartsatsin ba ya mutuwa. Ya sami hanyar zagaye. In ya kewayo sai ya tarar naman da ya bari ya riga ya huta ya shirya, sai ya sake kama shi, ya sake kewayawa, ya tsage biyu, biyun su tsage, kowane yana bin wutsiyarsa. Ɗakunan sama ba sa matsawa, rawar jiki kawai suke yi. Duk tartsatsin nan suna turereniya a bakin ƙofar nan guda, ita kuma tana barin wanda ya ci sa'a ya wuce, ba tsari.

Tanko ya leƙa zanen ya ce, "Malam, gaya wa Bature na gane. Gayya ce aka tara makaɗa ba a naɗa musu sarki ba."

Mai Lofe ya yi dariya har lofen ya faɗi. Ya ɗauko wata 'yar kwalba mai ƙananan fararen ƙwayoyi. Ya ce wannan ƙwaya ba ta hana hayaniyar da ke sama, ƙofar kawai take ragewa, don ɗakunan ƙasa su samu su cika kafin su matsa. Hayaniyar kuwa ta zauna ke nan. Abin da ya daɗe haka, naman zuciyar ya saba da shi, hanyoyin zagayen sun taku kamar turbar da mutane suka yanka ta tsakiyar gona, ko ka nome ta gobe an sake bi. Sannan ya kama kafaɗata ya faɗi maganar da har yau ban manta ba, da wannan karkatacciyar Hausar tasa. Ƙwaya ɗaya a yini, ba ƙari, don tsakanin maganinta da dafinta ba nisa. In wata rana na ji bugun Tanko ya miƙe sak, a hankali, daidai wa daida, kada in yi murna. Ba warkewa ba ce. Ƙwayar ce ta yi yawa ta rufe ƙofar ruf, ɗakunan ƙasa suna lallaɓawa su kaɗai, kuma suna iya tsayawa.

Ke Bilkisu kin gaya mini yanzu an gano abin yakan faro daga bakin jijiyoyin da ke dawo da jini daga huhu, wani tartsatsin kuma yana juyawa wuri ɗaya kamar guguwa, har ana zura waya a ƙone hanyoyin. Ban musa ba, kun fi mu sani, Allah ya ƙara basira. Mu dai abin da muke da shi ke nan, zane a ƙasa da 'yar kwalba.

Tanko ya koma gida da kwalbar, matarsa Dije ce aka ɗora wa ba shi ƙwaya kowace safiya. Ni kuma in na fita rangadi a kan keke, in zaga ta Unguwar Gai da Kibiya in yi wa masu gyambo ɗauri, nakan biya ta wajensa in riƙe hannu. In bugun ya yi sanyi da yawa in ce a tsallake gobe. Kumburin ya sauka, numfashi ya dawo, ya soma cika baki wai bana sai ya kashe samarin Madachi da noma.

Sai damina ta zo da abin da ba mu zata ba. Ita ce muguwar shekarar aikina. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, gidaje suna zubewa, zazzaɓi ya cika gari, motar da ke kawo mana kaya daga birni ta daina zuwa don hanya ta yanke. Bandeji ya ƙare, muka koma yayyaga tsofaffin zannuwa muna tafasawa. Kananzir ya ƙare, muka koma dafa sirinji a murhu kamar masu dafa wake. Baba Ɗanjuma kansa ya kwanta. Rafin nan na bayan Madachi da nake hayewa da keke a kafaɗa ya cika ya batse, yana ruri, ko ka yi ihu iyakar ƙarfinka na ƙetare ba ya ji.

Tanko ne ya kawo dabara, tun ruwan bai gama cika ba. Gidansa yana kan tudu, ana hango ƙofarsa daga wannan gaɓar. Ya ce, "Malam, murya ba ta haye ruwa, amma ganga tana hayewa. In na hango kekenka zan zauna a ƙofar gida, in sa yatsun hagu a jijiyar wuyana, in riƙe gula da dama. Duk bugun da sakaran nan ya yi, in buga maka shi." Muka shirya: in na ɗaga hulata sama, a ci gaba da ƙwaya. In na kwantar da keke a ƙasa, a dakata.

Wahalar ɗaya ce. Tanko makaɗi ne ɗan makaɗi, hannunsa ya ƙi jinin kiɗan banza. Gwajin farko da muka yi a gabana, sai na ji yana gyara wa zuciyar kuskure, inda ta yi tuntuɓe ya cike mata, inda ta yi gaggawa ya ja mata linzami.

Na ce, "Haba Sarkin Kiɗa, ba rawa zan yi ba. Shirmen nake so, yadda yake."

Ya ce, "Malam, ka san abin da kake roƙo kuwa? Duk unguwar nan za su ji. Su ce Tanko ya tsufa, ko ya soma shan abin da ba a faɗa."

Na ce ya zaɓa, ko mutuncin gula ko ransa. Ya yi tsaki ya ce Allah ya isa tsakaninsa da wannan makaɗi na ciki, sannan ya buga gaskiya. Tun daga nan in na iso bakin rafi nakan jingina keke, in ciro agogo, in saurari zuciyar mutum tana tuntuɓe daga ƙetaren ruwa. Yara da mata suna dariya, shi yana harararsu, ni ina ɗaga hula.

Wata safiya, ana dab da gayyar gonar Sarkin Noma, na iso na tarar ƙofar gidan Tanko cike da mutane. Sarkin Noman unguwar, Baba Isiyaku, shi ne mahaifin Dije, wato surukin Tanko, kuma kowa ya san ba ya son a yi gayyarsa da wata ganga in ba ta Tanko ba. Aka fito da Tanko aka zaunar, ya ɗauki gula. Dum. Shiru. Dum. Shiru. Dum. A hankali, a miƙe, ba tuntuɓe ko ɗaya. Sai na hango mata suna rangaɗa guɗa, maza suna ɗaga mini hannu, wani tsoho har da rawa.

Na ce a raina, ja'irin nan ya koma halinsa, ya ga taro yana gyara kiɗa. Na girgiza masa yatsa. Ya tsaya, ya sake sa hannu a wuya, ya sake bugawa. Dum. Shiru. Dum. Sai na lura gular da kyar take tashi, kuma wani ne ke tallafe da bayansa. Tanko in zai yi ƙarya da ganga, da ado zai yi ta, ba zai yi wannan kiɗan na jana'iza ba. Nan take maganar Mai Lofe ta faɗo mini. Na kwantar da keke a ƙasa. Suka ci gaba da guɗa. Na ɗaga keken na sake fyaɗa shi da ƙasa. Ko a jikinsu, sun ɗauka murna ce ta sa malamin asibiti yake dambe da kekensa.

Ban iya ruwa ba, har yau ban iya ba. Allah ya kawo wani Bafulatani da ke shirin hayar da shanunsa ta wani wuri mai faɗi a can ƙasa. Na roƙe shi. Ya dube ni sama da ƙasa, da farar rigata da takalmin kanti, ya ce, "Malam, ka kama wutsiyar bijimin can da hannu biyu. Kome ya yi maka, kada ka saki." Na ɗaure agogo da abin sauraron ƙirji a cikin hula a kaina, na yi bisimilla na kama. Ku da kuke cewa aikin zuciya danna maɓalli ne, ina so ku hango kakanku ruwa iya wuya, yana salati, bijimi yana jan sa. Abin da bijimin ya yi mini a tsakiyar rafi kuwa ba zan faɗa a gaban baƙi ba. Ban dai saki ba.

Na iso ina ɗigar ruwa, Sarkin Noma ya tarye ni da fara'a. "Malam, barka da arziki! Ka ji kiɗa ya miƙe? Zuciya ta dawo hanya."

Na gaishe shi na durƙusa gaban Tanko. Hannunsa sanyi, bugun daidai yadda ya buga shi, bai ƙara ba bai rage ba. Na tambaye shi abinci, ya ce ko ƙamshin tuwo ba ya so, amai yake ta yi. Na ce me yake gani. Ya ce, "Malam, kowa ya zama rawaya. Kai ma ga ka nan kamar an tsoma ka a rini mai ruwan ɗorawa." Na ce a kawo kwalba. Da na ɗaga ta na ga ta yi ƙasa fiye da yadda ya kamata.

Na kira Dije ta tsaya a bakin zaure. Ta ce, "Wallahi Malam, ɗaya nake ba shi, da safe, yadda ka ce. Ranar da ka kwantar da keke ban ba shi ba."

Na dubi Tanko. Mutumin da bakinsa ba ya rufuwa ya sunkuyar da kai yana wasa da igiyar ganga. Sai Sarkin Noma ya gyara murya, cike da jin daɗi, ya ce, "Ai ba ita kaɗai ba ce mai ƙoƙari. Ni ma kullum in na zo dubiya bayan azahar nakan ɗauko ɗaya in tofa mata addu'a in ba shi da hannuna. Da na ga gayya ta matso sai na ƙara da ta la'asar. Ga shi kuwa Allah ya amsa."

Kun ji inda abin yake. Dattijo ya zo duba surukinsa, ya miƙo magani da hannunsa, da addu'a a kai. Tanko da ko sunan mutumin nan ba ya iya faɗa, ko haɗa ido ba sa yi, ta ina zai buɗe baki ya ce, Baba na riga na sha? Sai ya karɓa da hannu biyu ya haɗiye ya ce an gode. Dije tana cikin gida ba ta sani ba, shi kuma kunya ta hana shi kai ƙarar ubanta wurinta. Yana sane sarai da abin da Mai Lofe ya faɗa. Ya zaɓi ya mutu da ladabi.

In na ce wa Sarkin Noma a gaban jama'a kai ne kake kashe shi, na gama da dattijon, na kuma gama da zaman gidan nan. Sai na ja shi gefe na ce, "Ranka ya daɗe, addu'arka ta yi ƙarfi, ƙwayar ce ba ta da kai. Ita ba ta san ƙari ba, in ta wuce ɗaya sai ta juye dafi. Wannan miƙewar da ka ji ba lafiya ba ce, ƙofa ce ta rufe a cikin zuciyar. Yanzu ba wanda zan iya ba amanar kwalbar nan sai kai. Ka sa ta a aljihu. Ko shi ya roƙa, ko Dije ta roƙa, ka hana, sai na ce."

Ya dubi kwalbar a tafin hannunsa. Dattijo ne mai hankali, ya gane abin da ban faɗa ba. Idonsa ya kawo ruwa. Can ya ce, "To yanzu me za mu roƙa?"

Na ce, "Mu roƙi Allah ya dawo da shirmen."

Ya ce, "Ikon Allah. Na tsufa ban taɓa jin an tara mutane a roƙi abu ya lalace ba."

Ba mota, ba hanya, ba wani magani da zan ba shi. Aikin da ya rage shi ne a kwantar da shi, a hana shi tashi, a riƙa ba shi ruwa da kunu kaɗan-kaɗan, a jira jiki ya fitar da abin da ya sha. Na aika wa Baba Ɗanjuma da saƙo ta hannun Bafulatanin nan, na zauna a unguwar cikin aron riga. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Tsakanin bugu da bugu akwai wani shiru mai tsawo, kowane shiru sai in ji kamar shi ne na ƙarshe, in riƙe numfashina sai na gaba ya zo. Sarkin Noma yana zaune a ƙofar zaure da carbi, hannu ɗaya a kan aljihu, ya ɗage gayyarsa bai ce wa kowa don me ba.

Wani hantsi ina riƙe da hannun Tanko, sai na ji bugu biyu sun zo a guje. Na ce ko yatsuna ne. Sai shiru, sai mai ƙarfi, sai ƙananan nan a jere. Na yi kabbara da ƙarfi har kaji suka watse. Tanko ya buɗe ido ya sa yatsu a wuyansa, ya saurara, ya ɓata fuska.

Ya ce, "Af. Sakaran ya dawo."

Na ce, "Ya dawo, Sarkin Kiɗa. Ka yi masa sannu da zuwa."

Ya ce, "Ka dai rufa mini asiri, Malam. Kada a ji a Rano cewa an yi guɗa don kiɗa ya ɓaci a gidana."

Guɗar kuwa an yi ta, Dije ce ta fara. Da ya ƙara samun ƙarfi muka koma ƙwaya ɗaya, kuma daga aljihun Sarkin Noma take fitowa, shi da kansa, da addu'arsa a kai, sau ɗaya tak. In wani ya zo dubiya ya ce a ƙara wa mara lafiya magani, dattijon har sanda yake ɗagawa. An yi gayyar a makare. Tanko ya yi kiɗanta a zaune a gindin ɗorawa, ban yarda ya bi bayan samari ba, amma sun gama gonar kafin rana ta karkata.

Tanko ya ƙara shekaru masu dama, ya ga tafiyar Turawa, ya yi kiɗa ranar da aka sauke tutarsu aka ɗaga tamu. Zuciyar ba ta taɓa miƙewa ba, kuma ban taɓa so ta miƙe ba. Sai dai ya ɗauko wata tsiya. Kun san kowane mai suna yana da takensa a wurin makaɗa, kiɗan da in an buga shi an san da wa ake. To ni Tanko ya ba ni nawa. Ko rani ne rafi ya ƙafe, ko a kasuwa ne, ko a wurin biki, da ya hango kekena sai ya katse kiɗan da yake yi ya buga shirmen nan: biyu a guje, shiru, ɗaya mai ƙarfi, ƙanana a jere. Mutane su ce, ga malamin asibiti nan tafe. Na roƙe shi ya sake mini wani mai daɗi, kamar na kowa. Ya ce, "Kai ka ce shirmen kake so."

Ke Bilkisu ba a haife ki ba ranar bikin uwarki, amma ki tambaye ta. Lokacin Tanko ya daɗe da rasuwa. Ɗansa Audu, wanda ya gaji gangar, ya zo da kansa ba a gayyace shi ba. Ina fitowa daga zaure sai ya dakatar da kiɗan biki, ya buga taken nan, yadda ya ji ubansa yana yi, tuntuɓe bayan tuntuɓe, bai gyara ko ɗaya ba. 'Yan matan amarya suka fashe da dariya, wai makaɗin bai iya ba. Ni kuwa na tsaya cak a ƙofar gida. Ban san lokacin da na cire hulata na ɗaga ta sama ba.